Bayan An Kashe Wuta: Farfaɗowar Garin Paradise Da Dajinsa

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya karkata ne ga abin da ke biyo bayan gobarar daji, wato doguwar wahalar da ke somawa a ranar da 'yan kwana-kwana suka naɗe tiyonsu, 'yan jarida kuma suka tattara kayansu suka koma wani labarin. Misalin da shirin zai bi diddiginsa shi ne na garin Paradise da ke gundumar Butte a arewacin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda wuta ta lashe a ranar 8 ga watan Nuwamban 2018, kuma an zaɓe shi ne domin kusan kowane mataki na farfaɗowarsa yana rubuce, tun daga kwashe toka har zuwa shari'ar diyya, ta yadda za a iya rarrabe abin da ya dawo, da abin da ya dawo da wata kama, da abin da har yau bai dawo ba.

Garin yana zaune ne a kan wani doron tudu mai tsawo a gindin tsaunukan Sierra Nevada, da kwari mai zurfi ta gabas da wani ta yamma, gidajensa kuma a warwatse suke cikin inuwar itatuwan fayin, waɗanda dogayen itatuwa ne masu siraran ganye da ƙaro mai saurin kama wuta. Ƙidayar shekarar 2010 ta samu mutum 26,218 a cikinsa, da yawansu tsofaffi ne 'yan fansho da masu ƙaramin ƙarfi waɗanda arhar muhalli ta kai su tudun. Da sanyin safiyar wannan rana, wata ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da wayar lantarki a kan dogon turke kusa da ƙauyen Pulga ta tsinke saboda tsufa, domin tun 1921 aka kafa layin, sai tartsatsi ya zubo kan busasshiyar ciyawa a daidai lokacin da iska mai ƙarfi take kaɗawa daga arewa maso gabas, iska irin ta hunturu wajen bushewa, ga shi kuma ruwan sama da ya kamata ya fara sauka tun watan Oktoba ya yi jinkiri. Cikin awa biyu wutar ta isa garin. Gobarar, wadda aka sanya wa suna Camp, ta kashe mutum 85, akasarinsu tsofaffi, ta ƙone gine-gine kusan 19,000 waɗanda kimanin 14,000 daga cikinsu gidajen zama ne, ta kuma cinye fili mai faɗin hekta 62,000 kafin a ci ƙarfinta a ranar 25 ga watan, bayan ruwan sama ya sauka.

Tambayar farko bayan irin wannan masifa ita ce inda mutane za su kwana, kuma nauyin amsarta kan faɗa ne a kan garin maƙwabta wanda wutar ba ta taɓa ba. Mutum kimanin 50,000 ne suka tsere daga tudun da ƙauyukan kewaye, irin su Magalia da Concow, mafi yawansu kuma suka gangara birnin Chico da ke cikin kwari, inda wasu suka kafa tantuna a filin ajiye motoci na kantin Walmart, wasu suka cika coci-coci da filayen baje koli har cutar amai da gudawa ta ɓarke a wasu matsugunan. Ƙiyasin gwamnatin jiha ya nuna cewa yawan mutanen Chico ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara guda, kuɗin haya ya tashi, gidajen sayarwa suka yi tsada, har ta kai ga an kori wasu 'yan haya waɗanda ba su taɓa ganin wutar ba domin masu gidajen sun samu masu saye da kuɗi a hannu. Duk lissafin asarar gobara da ya tsaya a iyakar inda wuta ta ci, ya bar wani babban ɓangare na waɗanda ta cutar a waje.

Kafin a aza tubali ko guda sai da aka kwashe toka, kuma tokar gida ta sha bamban da tokar murhu wadda ake zubawa a gona. Gidan zamani idan ya ƙone yana barin dalma daga tsohon fenti da batura, da asbestos, wato wani zare na dutse da a da ake sanyawa a rufi da bango wanda ƙurarsa ke lalata huhu, da guba daga katakon da aka jiƙa da maganin gara, da narkakkiyar roba da ragowar magungunan ƙwari. Saboda haka aka kasa aikin gida biyu: da farko ma'aikatan Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da takwarorinsu na jiha suka bi filaye ɗaya bayan ɗaya suna tsince tukwanen gas da batura da sauran kaya masu haɗari, daga baya kuma manyan motoci suka kwashe ɓaraguzai, suka kankare saman ƙasar, aka ɗebi samfurinta aka auna kafin a ba mai fili takardar shaidar cewa wurin ya tsarkaka. Filaye kusan 11,000 aka yi wa haka, aka fitar da sama da tan miliyan uku da rabi na tarkace, aikin kuma bai kammala ba sai a watan Nuwamban 2019, shekara guda cur bayan gobarar. A tsakanin haka hukumar garin ta ba mutane izinin zama cikin motocin kwana a kan filayensu, amma a watan Fabrairun 2019 ta janye izinin ga filayen da ba a share ba, bayan hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wato FEMA, ta yi gargaɗin cewa ba za ta biya kuɗin share wurin da aka ce yana da guba ba alhali ana barin mutane su kwana a cikinsa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai sakamakonta shi ne an sake tayar da mutanen da ba su da wani wurin zuwa.

Matsalar da ta fi ba masana mamaki ita ce ta ruwan famfo. An gano cewa ruwan garin ya gurɓata da benzin, wani sinadari ne da ake samu a cikin man fetur da hayaƙi, wanda shan sa ko shaƙar sa na tsawon lokaci kan jawo sankarar jini. Dokar Kalifoniya ba ta yarda ya wuce kashi ɗaya cikin biliyan a ruwan sha ba, amma a wasu wuraren an auna shi ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa. Shekara guda kafin nan an ga irin wannan a birnin Santa Rosa bayan gobarar Tubbs ta 2017, kuma binciken masana, ciki har da Andrew Whelton na Jami'ar Purdue, ya nuna hanyoyi biyu da gubar ke shiga. Ta farko ita ce, idan dubban gidaje suka ƙone lokaci guda, bututunsu kan fashe ruwa ya yi ta zuba, ƙarfin ruwan da ke cikin manyan bututu ya faɗi, sai bututun da suka zama fanko su zuƙo hayaƙi da iska mai guba zuwa ciki. Ta biyu kuma ita ce bututun roba da mitocin ruwa da zafi ya taɓa su kan saki sinadarai da kansu, ko da ba su narke ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne roba tana tsotse benzin ta riƙe shi, sannan ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, don haka wanke bututu da ruwa mai yawa ba ya wadatarwa, kuma wanda ya buɗe famfo ya bari ya zuba kafin ya ɗebi samfur zai iya samun sakamako mai kyau na ƙarya. Wannan ne ya sa aka shawarci masu awo su bar ruwan ya kwanta cikin bututu na kwana uku kafin a ɗiba. Tafasa ruwan ma ba magani ba ne, domin zafi yana tayar da sinadarin ne zuwa iskar ɗaki, har aka gargaɗi mutane game da wanka da ruwan zafi. Waɗanda gidajensu suka tsira sun yi watanni suna sayen ruwan roba ko suna cika tankuna, yayin da hukumar ruwan garin take auna bututu gida-gida tana sauya waɗanda suka gurɓata, alhali ita kanta ta rasa mafi yawan masu biyan ta kuɗin ruwa, sai da gwamnatin jiha ta cike mata giɓin na wani lokaci.

Daga nan sai batun kuɗi, wanda shi ne ya tantance wanda zai koma da wanda ba zai koma ba. Da yawa daga cikin masu inshorar gida sun tarar cewa abin da aka yi yarjejeniyar biyan su bai isa sake gini ba, domin farashin katako da ladan magina sun tashi lokacin da dubban mutane suka nemi gini a lokaci guda, wani ƙaramin kamfanin inshora mai suna Merced ma ya durƙushe gaba ɗaya saboda yawan masu neman biya. 'Yan haya da mazauna gidajen tafi-da-gidanka kuwa, da yawansu ba su da inshorar komai. Bincike ya ɗora alhakin gobarar a kan kamfanin lantarki na PG&E, wanda ya shigar da takardar fatara a watan Janairun 2019, sannan a watan Yunin 2020 shugabansa ya tsaya gaban kotu a gundumar Butte ya amsa laifin kisan mutum 84 ba da gangan ba, da laifin tayar da gobara. Tarar da doka ta yarda a ci kamfanin ba ta wuce dala miliyan uku da rabi ba, kuɗin da bai isa sake gina unguwa guda ba. Diyyar gaske ta fito ne daga wani asusu na dala biliyan 13.5 da aka kafa domin mutum kimanin 70,000 da wannan gobara da wasu na 2015 da 2017 suka shafa, amma da farko rabin asusun hannun jarin kamfanin ne, ma'ana darajar diyyar mutum ta rataya ne a kan farashin jarin kamfanin da ya ƙone masa gida, kuma a waɗancan shekaru duk lokacin da aka zargi kamfanin da wata sabuwar gobara, abin da za a biya tsofaffin waɗanda ya cutar yana iya raguwa. An riƙa biyan kuɗin kashi-kashi, shekara biyar bayan gobarar mutane ba su karɓi cikakken abin da aka ƙiyasta musu ba, lauyoyi kuma suna da nasu kason a ciki. Jinkirin nan ya fi ƙarancin kuɗin illa, domin tsohon da ya kai shekara saba'in ba zai zauna a ɗakin haya shekara huɗu yana jiran diyya ba, zai bi 'ya'yansa ne zuwa wani gari, kuma masu bincike a Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Chico da suka bi sawun sauyin adireshi sun tarar mutanen tudun sun bazu zuwa kusan dukkan jihohin ƙasar.



Ƙidayar 2020 ta samu mutum 4,764 kacal a garin, zuwa 2023 kuma adadin ya kai kimanin 9,000, wato kusan sulusin abin da yake a da, kuma wani kaso mai yawa na waɗannan baƙi ne da suka sayi filaye da arha daga waɗanda suka haƙura. Sababbin gidajen sun fi tsofaffin tsada da inganci, wanda hakan alheri ne ta fuskar tsaro, amma ya rufe ƙofa ga irin mutanen da arha ta kawo su tun farko. Garin ba shi da babbar magudanar ruwan ƙazanta, kowane gida da nasa sokawe, abin da ke hana a gina manyan gidajen haya masu ɗakuna da yawa waɗanda talaka zai iya kamawa. Asibitin Feather River, wanda kafin gobarar shi ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a garin, bai sake buɗewa a matsayin cikakken asibiti ba. Makarantu ne suka fi saurin miƙewa: an ci gaba da karatu a Chico cikin wani ginin ofis kusa da filin jirgin sama da wani tsohon kantin kayan gini, kuma a watan Yunin 2019 ɗaliban babbar sakandaren garin suka yi bikin kammala karatu a filin makarantarsu, wadda wutar ba ta cinye ba. Raunin zuciya kuwa ba ya shiga ƙidayar gine-gine. Wani bincike na masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya samu yawaitar firgici mai dawowa, da fargaba, da baƙin ciki mai tsanani a tsakanin waɗanda suka tsira, kuma ƙanshin hayaƙi ko kaɗawar iska mai ƙarfi kan isa su tayar wa mutum da hankali shekaru bayan abin ya wuce.

Sake ginin ya amfana da wani darasi da hotunan garin suka nuna ƙarara, inda ake ganin gida ya zama toka alhali itacen da ke kusa da shi yana tsaye da ganyensa. Masana irin su Jack Cohen na Hukumar Gandun Daji ta Amurka sun daɗe suna bayyana cewa garwashin da iska ke ɗaukowa daga nesa shi ne ke ƙone yawancin gidaje, yana shiga ta ƙofofin iska na rufi, ko ya sauka a kan busassun ganye da suka taru a indararo, ko a kan itacen girki da aka jingina da bango, daga nan kuma gida ya kunna wa maƙwabcinsa. Tun 2008 jihar ta kafa dokar gini ta musamman ga yankunan da ke bakin daji, wadda ta wajabta rufin da ba ya kama wuta da raga mai ƙananan idanu a ƙofofin iska, kuma wani nazari na 'yan jaridar kamfanin McClatchy ya nuna cewa kashi 51 cikin ɗari na gidajen da aka gina bayan dokar sun tsira, idan aka kwatanta da kashi 18 na tsofaffin gidaje. Doka ta kuma wajabta rage ciyayi har tazarar kimanin mita 30 kewaye da gida, tare da ba da muhimmanci ga mita ɗaya da rabi na farko daga bango. An binne wayoyin lantarki a ƙarƙashin ƙasa, an kafa jiniya 21 domin a ranar gobarar saƙonnin waya ba su isa ga mutane da yawa ba, ana kuma gyara hanyoyin fita waɗanda cunkoson motoci ya toshe a wannan safiya. Hukumar wuraren shaƙatawa ta garin ta shiga sayen filaye masu haɗari a gefen kwari domin mayar da su fili buɗaɗɗe da zai rage wa wuta ƙarfi, dabarar da makiyayan Jamhuriyar Nijar suka sani, domin a can ma ana share dogayen layuka a makiyaya bayan damina don kada wuta ta tsallaka.

Farfaɗowar ƙasa tana tafiya ne da nata lokacin, kuma haɗarinta na farko ruwan sama ne. Idan wuta mai tsanani ta ƙone ganyen da ya rufe ƙasa, maiƙon da ke cikinsa kan zama tururi ya shiga ƙasa ya daskare a ƙarƙashin samanta kaɗan, sai ƙasar ta daina shan ruwa, ya riƙa gangarewa kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza, yana kwasar toka da laka da duwatsu. A watan Janairun 2018, makonni kaɗan bayan gobarar Thomas a kudancin jihar, irin wannan malalar laka ta kashe mutum 23 a garin Montecito. A Paradise abin da aka fi tsoro shi ne gubar ƙonannun gidaje ta gangara cikin rafin Butte, wanda yake ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage da wani nau'in kifin salmon ke hawowa daga teku a lokacin bazara domin ya yi ƙwai, don haka ma'aikata da 'yan sa-kai suka yi ta shimfiɗa dogayen ɗaurin tattaka a gefen filaye da magudanai domin su tare laka kafin ta isa ruwa.

Abin da zai tsiro a bayan wuta kuwa ya danganta da tarihin dajin. Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin yankin, wato al'ummomin Maidu, ciki har da Konkow da Mechoopda, sun kasance suna sa wa daji wuta da gangan a lokutan da suka dace, domin su share ƙarƙashin itatuwa, su ƙara yawan 'ya'yan itacen ok da suke niƙawa su ci, su kuma samu miƙaƙƙun tsirrai na saƙa kwanduna. Scott Stephens na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kafin shekarar 1800 wuta tana bin kimanin hekta miliyan 1.8 na jihar a kowace shekara, yawancinta wuta ce mai rarrafe a ƙasa wadda manyan itatuwan fayin masu kaurin ɓawo suke jurewa. Wata dokar jiha ta 1850 ta haramta wa 'yan asalin ƙona daji, sannan bayan babbar gobarar 1910 a jihohin Idaho da Montana, Hukumar Gandun Daji ta rungumi manufar kashe kowace wuta, har a 1935 ta sa ƙa'idar cewa a ci ƙarfin duk wutar da aka gani kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. Shekara ɗari na wannan manufa sun cika dajin da ƙananan itatuwa a cunkushe da busassun rassa, ga fari da zafi suna ƙaruwa, ta yadda wutar da a da take bin ƙasa yanzu take hawa kan itatuwa ta kashe su baki ɗaya.

Wannan bambanci shi ne ke yanke hukunci a kan makomar dajin. Itacen fayin na wannan yanki ba ya toho daga kututture, daga iri kaɗai yake fitowa, irin kuma ba ya yin nisa da uwarsa, yawanci bai wuce mita ɗari ba, saboda haka idan wuta ta kashe itatuwa a fili mai faɗin gaske, tsakiyar filin ba ta samun iri sai dai a dasa da hannu. Ƙananan itatuwa masu cunkoso irin su manzanita kuwa, irinsu yana kwance cikin ƙasa shekaru da yawa yana jiran zafi ko hayaƙi ya tashe shi, cikin shekara biyu zuwa uku sai su rufe wurin, tare da baƙin tsirrai masu furen rawaya da aka shigo da su daga Turai waɗanda ke yaɗuwa da sauri kuma suna ci da wuta. Yankin Concow ya nuna inda wannan hanya take kaiwa: ya ƙone a 2008, ciyawa da ƙananan itatuwa suka maye gurbin dajin, kuma a 2018 wutar ta ratsa wannan sabon tsiro da gudu a hanyarta ta zuwa Paradise. Idan wuta ta dawo kafin sababbin itatuwan fayin su girma su yi iri, dajin kan rikiɗe ya zama kurmin ƙananan itatuwa na dindindin. Wannan ne ya sa masu aikin dashe a yankin suka fara karkata ga baƙin ok, itacen da ke sake toho daga gindinsa ko da wuta ta kashe samansa, wanda kuma ya fi jure fari. Aikin a nan shi ne a zaɓi toho mai ƙarfi a rage sauran, kuma manoman jihar Maraɗi da suka raya miliyoyin itatuwa daga tsofaffin kututture tun shekarun 1980 za su gane wannan aiki da gani ɗaya.

Maganin da masana suka fi amincewa da shi yana da wuyar karɓuwa ga mutanen da wuta ta kashe wa 'yan uwa, domin maganin shi ne a mayar da wuta cikin daji. Ƙonawa bisa tsari tana nufin a zaɓi rana mai laima da iska mai sauƙi, a share iyaka, a tanadi ruwa da ma'aikata, sannan a bar wuta mai rauni ta cinye busassun ganye da ƙananan tsirrai, tare da sassabe da kiwon awaki a inda sa wuta ba zai yiwu ba. A Magalia, dajin da aka rage wa cunkoso kafin gobarar kusa da makarantar Pine Ridge ya rage wa wutar ƙarfi, makarantar kuma ta tsira. Masana 'yan asalin jihar, irin su Don Hankins na jami'ar Chico, suna koyar da wannan ilimi na kakanninsu, kuma a 2021 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta rage wa masu ƙonawa bisa ƙa'ida nauyin biyan kuɗin kashe wuta idan ta kuɓuce ba da sakaci mai muni ba. Kada a ɗauki wannan bayani a matsayin goyon baya ga wutar da maharba ke cinnawa a tsakiyar rani domin korar gafiya da zomo a ƙasar Hausa, domin wannan wuta ce ta lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau kuma iska ta fi ƙarfi, tana kashe ƙananan itatuwa, tana cinye abincin dabbobi, tana kuma barin ƙasa tsirara har faɗuwar damina. Lokaci da shiri su ne suka raba ta da wadda ake magana a kai.

Yankin bai samu hutu ba a shekarun da suka biyo baya. A watan Satumban 2020 wata gobara ta shafe ƙauyen Berry Creek a wannan gunduma, a 2021 gobarar Dixie ta tashi a kwarin kogin Feather, ba nisa da inda ta 2018 ta fara, ta cinye kusan hekta 390,000 tare da garin Greenville, kamfanonin inshora kuma suka ja da baya, har State Farm ya daina karɓar sababbin masu inshorar gida a jihar a 2023, lamarin da ya tura mutane da yawa zuwa inshorar jiha ta ƙarshe mai tsada da ƙarancin kariya, alhali banki ba ya ba da bashin gina gida sai da inshora. A cikin garin kansa, dubban filaye suna nan babu gini, masu su suna zaune a wasu jihohi, inuwar itatuwan da a da take danne tsiro ta tafi bayan an sare dubun-dubatar matattun itatuwa, don haka ciyawa da ƙananan itatuwa suna tashi kowace shekara tsakanin sababbin gidaje, hukumar garin kuma tana bin masu filayen da takardun gargaɗi da tara domin su share. A watan Yulin 2024 gobarar Park ta tashi a gefen Chico ta cinye kimanin hekta 174,000, kuma a kwanakinta na farko hukumomi suka umarci dukkan mazauna Paradise su shirya kayansu domin ficewa idan iska ta juya.